Tambaya da Amsa: Darasin Mamayar Turawa

Tambaya: Ina koyar da Tarihi a wata sakandare a Tudun Wada, Kaduna. Yaya zan koyar da yadda Turawa suka ƙwace ƙasashen 'yan asalin nahiyar Amurka, ba tare da ɗalibai sun ɓuge da haddar shekaru kawai ba?

Amsa: Malama, ki fara daga gida. Ki ware minti 10 na farko ga 1903, shekarar da dakarun Ingila ƙarƙashin Lugga suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi. Daga nan sai taswira.

Ki nuna musu inda Kolumbus ya sauka a 1492, sannan birnin Tenochtitlan na daular Aztek (a Meziko ta yau) da ya faɗi hannun Kortes, jagoran Sifaniyawa, a 1521. Nan ne malamai da yawa ke tuntuɓe, su ce bindiga da doki ne suka yi aikin. Ba su kaɗai ba ne. Cutar agana ta shiga birnin a 1520 ta yi ɓarna, kuma dubban mayaƙan Tlaxcala, abokan gabar Aztek, sun mara wa Sifaniyawa baya. In aka tsallake wannan, yara za su ɗauka 'yan ƙasa ragwaye ne.

Ki raba ajin rukuni huɗu, kowanne ya amsa: wa ya rubuta labarin, muryar wa aka rasa? Kada ki sa su wasan kwaikwayon "Bature da bawa". Ƙarshensa tsokana ce a filin makaranta. Gara ki kai su Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi, ga shi nan kusa.