Ɗana ya ci ƙullin gishiri, kakarsa ta ce a ɗura masa ruwan gishiri

Tambaya: Malama, ina Garwa. A makarantar 'yata suna kwaɓa fulawa da gishiri, yara su buga tafin hannu a kai, a busar a rataya. Na gwada a gida don in ajiye tafin hannun ƙaramin ɗana mai shekara biyu. Kafin in juya ya gutsiri ƙullin ya haɗiye. Kakarsa ta ce a ɗura masa ruwan gishiri ya amayar, na ƙi. Ya sha ruwa ya ci gaba da wasa. Na yi daidai? In daina wannan aikin ne?

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi daidai, Allah ya saka miki da alheri. In dai ɗan gutsure ne, ya kuma wuni yana wasa, yana fitsari, ba ya amai, ki kwantar da hankalinki.

Amma ki san abin da ke cikin ƙullin. Ana kwaɓa kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, da ruwa kusan kofi 1. Gishiri ya fi fulawa nauyi, don haka fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙullin gishiri ne, in ya bushe kuma ya haura rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, ƙasa da cokalin shayi ɗaya ke nan. Yaro mai kilo 11 ko 12 in ya haɗiye dunƙule kamar goro guda, ya ci abin da ya wuce na babba a loma ɗaya. Ɗacin gishirin ne ke cetar yawancinsu, sai su tofar.

Yanzu maganar kaka. Ba raina ta nake yi ba, haka aka gada, kuma ƙaunar jikanta ce ta sa. Sai dai wannan al'adar ta ɗura ruwan gishiri don a fitar da guba tana kashe yara, kuma mu a sashen yara na asibiti muna fama da ita kullum. Yaro ya sha kananzir, ruwan gishiri. Ya haɗiye ƙwayoyin babansa, ruwan gishiri. Yau kuma gishirin da kansa ya ci, a ce a ƙara masa wani? Ba kowane yaro ke amai ba in an ɗura masa. Wanda bai yi ba, gishirin ya shige jini gaba ɗaya. In ya yi yawa a jini sai ya riƙa janyo ruwa daga ƙwaƙwalwa, ta motse, ƙananan jijiyoyin jini su iya tsinkewa. Farko ƙishirwa mai tsanani da rigima, sai amai, sai barcin da ba a iya tashinsa, sai jijjiga. Da jijjiga ta fara sai a ce iska ce, a kawo turare da rubutu, a cusa masa cokali a baki, a kwana a gida. Sai da safe a kawo mana yaro ya galabaita. Wallahi abin yana ci mini rai.

Haka ruwan kanwa, ita ma sinadarin da ke cikin gishiri ne ya cika ta. Haka man ja da ake ɗurawa, yana iya sarƙe yaro ya gangara huhu. Har garin SRO, wato garin gishiri da suga da muke bayarwa don zawo, kada ki ba yaron da ya ci wannan ƙullin, akwai gishiri a ciki. Mai shagon magani a bakin kasuwa da zai ce miki a yi ƙarin ruwa a gida a wanke cikin, ki rabu da shi. A asibiti ma a hankali muke sauke gishirin jini, cikin kwana biyu ko fiye, ana auna jini, domin in an sauke da gaggawa ƙwaƙwalwa kumbura take yi. Abin da za ki yi a gida kaɗan ne: ki share masa baki, ki ba shi nono ko ruwa kurɓi-kurɓi in idonsa biyu. In ya ci da yawa, ko ba ki san yawan ba, ko kin ga ɗaya daga cikin alamun nan, ku tafi asibiti nan take, ki riƙe ragowar ƙullin a leda.

Ba sai kin daina aikin ƙullin ba. Babbar 'yarki ta murza ta yanka taurari da kifaye, shi kuwa ki riƙe hannunsa ki danna, ki wanke masa, ki ɗauke kwanon. Ki huda wurin zare kafin ya bushe. Ranar Garwa a rani tana busar da shi cikin 'yan kwanaki in kina juyawa, amma ki ɗora a sama, don awaki da karnuka ma gishirin na illata su. Fentin ruwa na 'yan makaranta za ki shafa, ba ragowar fentin ƙofa ba. Kamaru ta taƙaita dalma mai guba a fenti tun 2017, amma ba ki san abin da ke cikin tsohon gwangwani ba. Gishiri na shan laima, da damina sai ki ga abin ya yi laushi. Ki ba kafinta ya shafa masa man ƙyallin katako gaba da baya, ki rubuta sunan yaron da shekarar, ki rataye inda hannunsa ba ya kai.