Bindigar Kaka: A Sabunta Ta ko a Bar Ta Yadda Take?

Ɗan'uwa, ka ce ka gāji tsohuwar bindigar farauta ta kakanka a Argungu, wani maƙeri kuma yana so ya sake mata ƙota, ya goge bututun da samfefa, ya shafa fenti. Don Allah kada ka yarda.

Darajarta tana cikin tsufan nan da kake gani. Wurin da ƙotar ta yi sulɓi saboda tafin hannun kaka, layar da ya ɗaure da fata kusa da kunama, babu maƙerin da zai dawo maka da su. Duba gindin bututun da kyau. In ƙirar Turai ce, za ka ga ƙananan tambura, irin na Birmingham ta Ingila ko Liège ta Beljiyam. Su ne shaidar asalinta, kuma samfefa cinye su take yi.

Tsatsa kawai za ka tsayar. Tsumma da ɗan man keken ɗinki sun isa. Ka rataye ta nesa da danshin damina da gara.

Kada ka gwada harba ta! Tsohon bututu yana iya fashewa a hannu, kuma sau da yawa maharba kan ajiye bindigar toka a ɗure. A sa masani ya duba.

Ga kuma halin tsaron da muke ciki. Dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi, to ka fara da 'yan sanda. In riƙon ya yi maka nauyi, ka tuntuɓi Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, tunda yana nan kusa da kai.