Dare uku ina neman nebula, hoto na fitowa baƙi ƙirin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tara kuɗi na sayi teleskof mai inci 5, dare uku ke nan ina hawa saman bene a Kawo ina neman ɗaukar hoton nebular Horsehead, wato wani gajimaren ƙura da iskar gas a sararin samaniya, amma hoton baƙi ƙirin. Mai shagon ya ce in gwada shi da rana, in saita shi kan rana in rufe wurin leƙawa da tsohon fim ɗin eksire, in ya nuna to lafiyarsa ƙalau. Ko dai an cuce ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa don girman Allah kada ka kuskura ka yi wannan gwajin. Kusan kullum sai na ji wannan magana, wani ya ce fim ɗin eksire, wani gilashin da aka turara da hayaƙin kyandir, wani baƙin tabarau biyu, kuma wallahi duk hanyar makanta ce. Teleskof aikinsa tara haske, madubi mai inci 5 yana tara ninki ɗaruruwa na abin da ido ke ɗauka, ya dunƙule shi daidai inda za ka sa idonka. In aka riƙe takarda a wurin, nan take za ta fara hayaƙi, to ina ga fim ɗin roba? Abin tsoron kuma bayan ido ba ya jin zafi, mutum na ƙonewa bai sani ba, sai daga baya ya ga wani ɗigo a tsakiyar ganinsa wanda sau da yawa ba ya gushewa. Har ƙaramar matatar da ake ɗaurawa a wurin leƙawa zafi na fasa ta. Matatar rana ta gaskiya a bakin teleskof ake sa ta, ta gaba. Mai sayar da kayan da bai san wannan ba, me ya kai shi ba da shawara? Kuma ka ɓoye na'urar daga yara da rana.

Teleskof ɗinka kuwa da wuya in yana da matsala, ka dai fara da abu mai wahala ne. Horsehead duhun ƙura ne a gaban jan hasken haidurojin, kuma kyamarorin da muke riƙewa suna tace yawancin wannan jan. Ga fitilun gari, ga hazon hunturu. Fara da M42, wata nebula mai haske, tana nan cikin rukunin taurarin Orion inda Horsehead take, Disamba da Janairu tana hawa can sama a Kaduna. Sama na juyawa digiri 15 a awa, in mazaunin teleskof ɗinka ba mai bin taurari ba ne to kowane hoto ka ba shi sakan ɗaya ko ƙasa da haka, ka sa ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, a 1600, ka ɗauki ɗaruruwa ka haɗa su a manhajar Siril ko DeepSkyStacker, kyauta ne. Zaɓi daren da babu wata, in an ɗauke wuta a unguwa ma ya fi. Saitin gani kuma yi shi kan tauraro mai haske, ko da yamma kan wata eriya mai nisa, ka ba rana baya.