Ina hidima ba fashi, amma zuciyata ta bushe: ko Allah ya yashe ni?

Tambaya: Baba Fasto, salama a gare ka cikin sunan Ubangiji. Tun ina yarinya nake cikin ikilisiya. Ina cikin mawaƙa, ba na fashin sujada, zakkata ba ta makara. Amma yanzu in na durƙusa yin addu'a, ji nake kamar ba mai saurarona. Wani mai kiran kansa annabi ya ce an tare mini hanya, sai na yi azumin kwana 21 na kuma shuka iri a hannunsa, wato na ba shi kuɗi, kafin sama ta buɗe. Na yi duka, ban ga canji ba. Ina jin tsoro ƙwarai. Ko Allah ya yi fushi da ni ne?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Wadda Allah bai dame ta ba, ba ta kwana tana kuka don ta rasa daɗin addu'a. Bushewar da kike ji, manyan bayin Allah sun ji ta. Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, jim kaɗan kuma sai ga shi a gindin itace cikin jeji yana roƙon mutuwa, kamar yadda yake a 1 Sarakuna 19. Ki lura da abin da Allah ya fara yi masa: ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika ya ciyar da shi har sau biyu, sannan aka zo ga magana.

Abin da ya fi damuna cikin wasiƙarki shi ne yadda kika jero ayyukanki, kamar mai neman a biya ta haƙƙinta. Ban ga laifinki ba, haka aka koya wa da yawa cikinmu. Kullum sai na sadu da mai bi da ya ɗauka tagomashin Allah yana hawa yana sauka bisa ga yawan azumi da tsawon addu'ar dare da kaurin baiko. Wannan tunani yana kashe mutum a tsaye. In ayyukan sun tafi daidai sai girman kai ya shiga, in sun gaza sai fid da rai. Shari'ar Musa rana guda ta wajabta a shekara don ƙasƙantar da kai, wato Ranar Kafara, amma Bafarisin da ke Luka 18 sau biyu yake azumi a mako, yana fid da zakkar duk abin da ya samu. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba cikin addu'arsa. Duk da haka mai karɓar harajin da ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji shi ya koma gida baratacce. Ki duba babban ɗan nan na Luka 15 ma, wato wan ɓataccen ɗa a misalin da Yesu ya bayar. Yana cikin gida, bai taɓa ƙetare umarni ba, amma da ya buɗe baki sai ya yi magana irin ta bawa mai lissafin shekarun bauta, alhali ubansa na ce masa duk abin da yake da shi nasa ne.

Shi kuma wancan annabin, ki rabu da shi yau. Ba na sassauta murya a kan irinsu, domin da tsoron bayin Allah suke cin abinci. Su ne masu sayar da mai da ruwa da kyalle, su yanka wa albarka farashi, in abu bai yiwu ba su ce bangaskiyarki ce ta gaza, ki ƙara. Ciniki ne tsoho. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya don ya sayi ikon ba da Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa. Yana nan a Ayyukan Manzanni 8. Martin Luther ya shiga gidan sufaye a Jamus a 1505, ya wahalar da jikinsa da azumi da furta zunubi ba iyaka, bai sami salama ba sai da ya fahimci Romawa 1:17, a 1517 kuma ya tashi tsaye a kan masu sayar da takardun gafara. Shekara fiye da 500 ke nan, har yanzu kasuwar tana ci, suna kawai ta sauya. Wace sama ce ma za a buɗe miki? Labulen Haikali, wanda ya tare hanyar shiga Wuri Mafi Tsarki, ya tsage daga sama har ƙasa ranar da Almasihu ya mutu a kan gicciye. Wa ya ɗinke shi har ya naɗa kansa mai karɓar kuɗin ƙofa?

Ban ce ki daina azumi ko hidima ba. Afisawa 2:8-10 ta sa su a muhallinsu: ceto ta wurin alheri ne, kyawawan ayyuka kuma suna biyo baya. A Yohanna 15 umarnin da aka ba reshe shi ne ya zauna cikin kurangar inabin, 'ya'ya daga nan suke fitowa. Don haka in kina so ki auna girmanki, ki bar ƙirga kwanaki, ki buɗe Galatiyawa 5:22-23, inda aka jero 'ya'yan Ruhu. Kin fi bara haƙuri? Gafara ta fi yi miki sauƙi? Mutanen gidanku sun fi kowa sanin amsar.

Ki je wurin faston ikilisiyarku ki faɗa masa kin gaji, ki ajiye wani sashe na hidimar na ɗan lokaci. Ki ɗauki Bishara guda ki riƙa karanta 'yan ayoyi a hankali, ba tare da gaggawar gama sura ba. A addu'a ki faɗa wa Allah ainihin abin da ke ranki, ko da "Uba, ba na jin komai" ne. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu, kuma tana cikin Littafi Mai Tsarki. Ki sami dattijuwa guda mai tsoron Allah da za ki riƙa buɗe mata ciki. In kuwa nauyin zuciyar ya haɗu da rashin barci, rashin cin abinci, ko tunanin gara mutuwa, ki ga likita cikin makon nan, kada kuma ki sake dogon azumi kafin ya duba ki, musamman in kina da gyambon ciki, ciwon sukari ko juna biyu.