Amsa ga mai tambayar yadda ake sarrafa ƙwayar bunya

Wa'alaikumus salam, Malama. Kin ce maƙwabciyarku a garin Toowoomba na ƙasar Ostareliya ta ba ki wani ƙaton dunƙulen bunya kore mai ƙaya, wato ɗan wata doguwar bishiya ta wannan ƙasa mai ƙwayoyin ci a cikinsa, kuma kina son sanin yadda za ki fitar da ƙwayar, ki dafa ta ba tare da kin ɓata ta ba. Na daɗe ina zaune a wannan yanki na jihar Kwinsland, kuma duk shekara tsakanin Janairu da Maris, lokacin da 'ya'yan suke zubowa, ba ma rasa ta a gidanmu.

Abu na farko da nake so ki riƙe shi ne cewa bunya abinci ce mai sitaci, man da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai, bai fi kashi 2 cikin ɗari ba. Saboda haka duk wanda ya ɗauke ta kamar gyaɗa, ya zuba ta a kasko yana jira ta yi ƙaras-ƙaras, zai ƙare da abin da haƙori ba ya iya fasawa. Idan ta dahu daidai, ɗanɗanonta ya fi kusa da na dafaffiyar gurjiya, sai ɗan ƙanshin itace da yake biyo baya, kuma da wannan tunanin ya kamata ki tunkare ta.

Dunƙulen da aka ba ki, idan har yanzu yana da tauri, ki ajiye shi a inuwa na 'yan kwanaki, zai saki da kansa ya fara wargajewa. Ki sa safar hannu mai kauri domin ƙayar da kuma ƙaron da yake manne wa fata, sannan ki ɓalle ɓangarorin ɗaya bayan ɗaya, ki zaro ƙwayar da ke cikin kowanne. Babban dunƙule yakan kai kilo 10, kuma ana samun ƙwaya daga 30 har zuwa kusan 100 a cikinsa. Wasu za ki ji su sakayau a hannu, waɗannan babu komai a ciki, ki zubar. Haka kuma duk wadda kika ga fumfuna a jikinta ko kika ji tana warin tsami.

Tafasawa ita ce hanyar da na fi amincewa da ita, musamman ga wadda za ta fara. Ki wanke ƙwayar da ɓawonta, ki zuba a tukunya da ruwan da zai rufe ta sosai, ki sa gishiri, ki bar ta tana tafasa na minti 30 zuwa 40, har sai kin ga tsinin ɓawon ya ɗan buɗe baki. A nan ne mutane da yawa suke yin asara, domin sukan tsiyaye ruwan su bar ta ta huce kafin su fara ɓarewa, alhali ɓawon yana komawa ya yi tauri da zarar ya sha iska. Ki sauke tukunyar amma ki bar ƙwayar a cikin ruwan zafin, ki riƙa tsamo biyu ko uku, ki riƙe da tsumma, ki tsaga ta a tsaye daga tsinin da almakashin yankan reshe mai tsabta, sannan ki ciro naman da bayan cokali. Ban ba ki shawarar wuƙa ba, saboda ɓawon yana da santsi idan ya jiƙe, kuma wuƙa tana zamewa ta sami yatsa. A tsakiyar naman akwai wani ɗan siririn tsiro. Wasu suna ci, ni kam nakan cire shi saboda ɗan ɗacin da yake kawowa.

Daga nan abin ya zama na ganin dama. Mu a gida mun fi son mu yanka ta fale-fale, mu soya sama-sama da man shanu da albasa da tafarnuwa da yaji, a ci tun da zafinta. Tana kuma karɓar romo sosai idan aka jefa ta cikin farfesun kaza ko miyar nama kusa da saukewa. Idan kina son ta a matsayin abin kauri a miya, ki daka ko ki markaɗa ta tana da ɗumi tare da ɗan ruwan dahuwar, domin idan ta yi sanyi takan ƙi laushi ta wahalar da injin.

Gashi ma yana da daɗi, amma da sharaɗi guda wanda ba a wasa da shi: dole ne a huda ko a tsaga kowane ɓawo kafin ya ga wuta, in ba haka ba tururin da ke ciki zai fasa shi da ƙarfi, ya tarwatsa garwashi ko ya ɓata miki obin. Minti 20 zuwa 25 a zafin digiri 200 na ma'aunin Selsiyos ya wadatar, kuma gasasshiyar ba ta jiran gobe, a take ake cinye ta.

Wajen ajiya, kada taurin ɓawon ya ruɗe ki, naman ciki ɗanye ne mai ruwa kuma yana lalacewa da wuri a zafin wannan lokaci. Wadda za ki ci cikin 'yan makonni ki sa a firij, har ma takan ƙara zaƙi a can. Sauran ki dafa, ki ɓare, ki kasa a ƙananan leda ki jefa a firiza, za ta kai ki watanni.

Ina so kuma ki san darajar abin da aka ba ki. Al'ummomin asali na wannan ƙasa, irin su Wakka Wakka da Jarowair da Kabi Kabi, a da can sun daɗe suna taruwa a Duwatsun Bunya da tsaunukan Blackall a shekarun da bishiyar ta yi 'ya'ya masu yawa, wato kusan duk bayan shekara uku, mutane suna tahowa daga ɗaruruwan kilomita ana ciniki da ɗaurin aure da sasanta rigingimu. A wancan zamani suna cin ƙwayar ɗanya, suna gasa ta a toka, suna niƙa ta su yi waina, har suna binne ta a laka ta daɗe kafin su tono. Tun 1908 aka mayar da Duwatsun Bunya gandun da gwamnati take karewa, don haka ba a tsintar ƙwaya a cikinsa. Ki nema a wurin masu bishiya a gonakinsu ko a kasuwannin manoma na ƙarshen mako. Idan kuma maƙwabciyar taki ta gayyace ki tsinta, ki tsaya ga abin da ya riga ya faɗo, kada ki daɗe a gindin bishiyar, kada ki ajiye mota ko ki bar yara a ƙarƙashinta, domin tsawonta yakan wuce mita 30 kuma dunƙulen ba ya sanarwa kafin ya faɗo.