Kurakuran finafinan yaƙi: sakaci ne ko da gangan?

Malam, ka tambaya ko kurakuran da ake gani a finafinan yaƙi sakaci ne ko da gangan ake yin su. Iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba.

Na farko na rashin lura ne: sojan da jini ke zuba a kafaɗarsa ta dama, da kyamara ta juya ta dawo sai raunin ya koma hagu. Hakan na faruwa domin ana iya kwashe kwanaki ana ɗaukar fage ɗaya.

Na biyu, wato wanda ake yi da gangan, shi ne mai nauyi. Fim ɗin U-571 na shekarar 2000 ya nuna sojojin ruwan Amurka suna ƙwato na'urar saƙonnin sirri ta Jamus mai suna Enigma, alhali kuwa sojojin ruwan Birtaniya ne suka ɗauko ta daga jirgin ƙarƙashin teku U-110 a watan Mayun 1941, wata bakwai kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Maganar ta kai har majalisar dokokin Birtaniya, inda Firaminista Tony Blair ya soki fim ɗin. A ganina, wannan ya wuce kuskure, tauye wa masu aiki haƙƙinsu ne domin a burge 'yan kallo na Amurka.

Fim ɗin Braveheart kuwa ya nuna yaƙin gadar Stirling na 1297 a fili fetal, babu ko alamar gada, alhali ƙuncin gadar ne ya ba 'yan Sikotland nasara, domin sun jira wani ɓangare na rundunar Ingila ya haye, sannan suka far masa.