Baba ya hana ka koyon jita

Ƙanina, kace kana son koyon jita amma Baba yaƙi sam. Gaskiya ba jitar yake tsoro ba, a wajenmu da an ga yaro da kayan kiɗa sai ace zai zama maroƙi ko ya dinga bin gidajen biki har dare ya watsar da karatu, abinda ke ransa kenan. Don Allah kar ka tsaya ja-in-ja da shi. Ka fara samun Umma ko kawunka da Baba ke jin maganarsa, ka nuna musu sakamakon jarabawarka, kayi alkawari a gida zaka koya ran Asabar da Lahadi kawai, Islamiyya bazata taɓu ba. Kar ka nemi kuɗin saye yanzu, ari ta wani tukuna.